Wa Ya Shuka Kacalla A Fadamun Haɗeja?

Daga wani ɗan'uwa a Muchiya, Sabon Garin Zariya

  

Akwai wani dattijo da yake tura kurar ruwa a nan unguwarmu ta Muchiya, wanda duk wanda ya dube shi ya san ba wannan sana'a ya gada ba. Wata rana bayan La'asar ya sauke mana jarka biyu a ƙofar gida, sai na ce masa, "Baba, daga ina ne asali?" Ya ce daga wani ƙauye ne tsakanin Haɗeja da Nguru, kuma shi masunci ne ɗan masunci, yana da kwalekwalensa na kansa da fadamar shinkafa da ya gada wurin mahaifinsa. Na ce, "To Baba, me ya raba ka da gida, fari ne ko rikici?" Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ciyawa ce ta kore ni." Na ɗauka barkwanci ne irin na tsofaffi, har na fara murmushi, amma da na dubi idonsa sai na ga babu wasa a ciki. Ya ce kacalla ce ta cinye fadamar, ta toshe hanyar da yake bi da kwalekwale, tsuntsayen jan-baki suka tare a cikinta suka cinye ɗan geron da ya rage masa a tudu. Shi ne ya sayar da komarsa ya shigo mota.

Tun daga ranar nan maganar ta tsaya mini a rai. Yaya za a ce ciyawa ta kori mutum daga garin ubansa, a ƙasar da take da ma'aikatun gona, da hukumomin raya koguna, da jami'o'i, da furofesoshin da ba su ƙirguwa? Da na bi diddigin al'amarin sai na tarar ashe ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan musiba tana da iyayen da suka haife ta, suna nan da ransu ko magadansu, suna kuma ci gaba da cin abinci da ita. Wannan shi ne abin da nake so mu duba tare da 'yan'uwa matasa, musamman waɗanda suke karatu a Samaru.

YADDA ALLAH YA TSARA, DA YADDA SUKA TSARA

Ga wanda bai san ta ba, kacalla, wadda a wasu wurare ake kira shalla, ita ce doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa mai kai kamar zangarniyar gero, wadda takan fi mutum tsawo nesa ba kusa ba. Kakanninmu sun san ta a lungunan tabkuna, ba ta kuwa taɓa korar kowa ba, domin tsarin da Allah Ya ɗora kogin a kai ya sa mata linzami. Da damina kogin Haɗeja da na Jama'are sukan cika su batse, ruwa ya malale fadamu tun daga Haɗeja har Nguru da Gashuwa, kifi ya bi ruwa ya yi ƙwai a cikin ciyayi, manomi ya shuka shinkafarsa. Da kaka ruwa ya fara ja da baya, a bi laimarsa da wake da kayan lambu. Da rani kogin ya ƙafe, Fulani su gangaro da shanu su yi kiwo su bar taki. Masunci da manomi da makiyayi, kowa da lokacinsa a fili guda. Ita kuwa kacalla ba ta iya mamaye wurin da yake bushewa wata da watanni, saboda haka rani ne yake tsare mana ita.

Sai aka zo da wani tsarin. A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano. A 1992 aka kammala ta Challawa. Waɗannan koguna biyu kuwa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Daga nan babbar ambaliyar damina, wadda takan wanke hanyoyin ruwa ta kwashe laka, ta ragu ƙwarai, kogin da ya saba hutawa da rani ya daina hutawa, domin ana sako masa ruwa kaɗan-kaɗan shekara zagaye. Ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ƙafewa, ga laka tana taruwa, ga ragowar takin zamani yana gangarowa daga gonakin rani, to me kacalla take nema wanda ya wuce wannan? Kanta guda ɗaya yana fitar da dubun dubatar iri waɗanda iska take ɗauka kamar auduga, saiwarta kuma tana rarrafe a ƙarƙashin laka tana tsiro da sababbi. Cikin 'yan shekaru ta rufe dubban kadada.

Da ta toshe hanyoyin ruwa, sai ruwan ya sake hanya. Ya riƙa kwarara ta mashigar Marma zuwa tabkin Nguru yana cinye gonaki da gidaje, alhali mutanen da ke kan Burum Gana da tsohon kogin Haɗeja suna zuba ido ba su ga ruwa ba, abin da yake isa Komadugu Yobe, wajen Gaidam da Damasak da 'yan'uwanmu na Diffa a Nijar, shi ma ya ragu. Kogi ɗaya, wasu na kukan ambaliya wasu na kukan ƙishirwa. A cikin duhuwar kacallan nan sauro yake hayayyafa, da katantanwar da take ɗauke da cutar tsargiya, da jan-baki miliyoyi waɗanda suka samu masaukin da ba mai iya shiga ya kore su. Tarwaɗa da karfasa da bargi da ake bandawa a kawo mana har kasuwar Sabon Gari suka yi wuyar kamu, domin ba inda za a jefa koma.

Kada wani ya ce muna haramta madatsar ruwa. Da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura, da shi kuma ake shayar da wani sashe na birnin Kano. Tambayarmu ita ce, ranar da aka zauna aka zana taswira, wa ya tambayi masuncin Guri ko manomin Kirikasamma? Wa ya lissafa da shi? A farkon shekarun 1990 wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da wani Bature mai suna Edward Barbier, sun zauna sun auna amfanin da ake samu da ruwan nan idan an bar shi ya malale fadama, na kifi da shinkafa da itace, suka kwatanta da wanda ake samu idan an tare shi don aikin noman rani na kogin Kano, suka tarar na fadama ya fi nesa ba kusa ba. An buga, an karanta, an ajiye a kan kanta. Dalili kuwa a fili yake: fadama ba ta da kwangila, ba ta da kashi goma cikin ɗari, ba a yanka mata kirtani a gaban 'yan jarida. Wanda yake shakkar yadda wannan tsari yake kallon talakan bakin kogi, ya tambayi mutanen Bakolori abin da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka yi musu a watan Afrilun 1980, lokacin da suka fito neman diyyar gonakinsu da aikin dam ya cinye. Gwamnatin Shagari ta ce mutane kaɗan ne suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Allah Ya san adadinsu, kuma ba Ya mantuwa.

MASU FAKEWA DA ƘADDARA

Yau in ka tari babban jami'i da wannan magana sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, annoba ce daga Allah, sai addu'a." In ɗan boko ne sosai ya ce sauyin yanayi ne. Mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, amma mun san tun zamanin Banu Umayya azzaluman sarakuna suke ɗora wa ƙaddara abin da hannuwansu suka aikata, don kada talaka ya tambaye su. Ɗan'uwa ya buɗe Alƙur'ani ya karanta aya ta 41 a Suratur Rum, ya ga inda Allah Ya jingina ɓarnar da take bayyana a tudu da ruwa. Ya karanta aya ta 205 a Suratul Baƙara, ya ga siffar wanda idan ya samu iko amfanin gona da dabbobi ne suke fara halaka a hannunsa. Sannan ya tsaya a kan ƙissar mutanen Saba'u, masu madatsar ruwa da gonaki dama da hagu, waɗanda suka butulce, aka mayar musu da lambunansu dajin itatuwan da ba su da wani amfanin kirki. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin fadamar da a da take ba da shinkafa, yau ba ya ganin komai sai kacalla iyakar ganinsa, ba ya bukatar dogon tafsiri.

Kuma ba wannan ne karo na farko da masu jin sun fi kowa sani suka taɓa ma'aunin da Allah Ya ajiye ba. A shekarun 1950, zamanin mulkin mallakar Ingila, aka ɗebi giwan ruwa, kifin da a kogunanmu albarka ne, aka zuba a tabkin Biktoriya na gabashin Afirka. Ya bi ƙananan kifayen tabkin da ci, har aka rasa kimanin iri 200 waɗanda babu su a ko'ina a duniya sai can. Naman giwan ruwan ana loda shi a jirgi zuwa Turai, talakan bakin tabki a bar shi da kai da ƙaya. A 1935 aka kai wasu manyan kwaɗi kimanin 100 ƙasar Ostireliya don su cinye ƙwarin rake. Ba su kula ƙwarin ba, suka bazu miliyoyi, dafin jikinsu yana kashe duk dabbar da ta haɗiye su. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mu ma a nan Zariya mun ɗanɗana. Wa ya manta 2016, shekarar da tumatir ya gagari talaka a kasuwar Sabon Gari, har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa? Wata 'yar tsutsa ce ta Kudancin Amurka, wadda ta shiga Sifaniya a 2006, ta bi ta Arewacin Afirka, ta ƙetaro Sahara ta sauka a lambunanmu. A farkon wannan shekara ta 2016 ɗin dai aka fara ganin tsutsar masara mai cin zuciyar shuka a kudu maso yammacin ƙasar nan, ita ma daga nahiyar Amurka, kafin a ankara ta game Afirka. Ƙasar da ake tare ɗalibi a shingen hanya a zazzage jakarsa ana neman littafi, ita ce ƙasar da annobar gona take shigowa ba mai ce mata daga ina.

MAGANIN 'YAN KWANGILA

To da ɓarna ta auku, wane magani suka kawo? Guba da kwangila. Jan-baki ya yi yawa, sai a ɗauko hayar jirgin sama a yi feshi da maganin da ba ya bambance jan-baki da shirwa ko zalɓe ko belbela. Tsuntsun da ya ci gawar wanda aka fesa shi ma ya bi shi, abin da ya rage ya gangara ruwan da mutane da shanu suke sha. Baɗi jan-baki ya dawo, domin gidansa, wato kacalla, yana nan ba a taɓa ba, sai a sake fitar da kuɗin jirgi. An kashe maciji ba a sare kansa ba, kuma da gangan ne, domin ranar da aka sare kan ranar kasuwa ta watse. Manomin tumatir kuwa an bar shi da mai shagon magani, yana fesa wannan yana fesa wancan, tsutsa tana sabawa da guba, ƙudan zuma da ƙwarin da suke cin tsutsar suna mutuwa, mu kuma muna cinye sauran a miya.

A 2006 jihohi shida, Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauchi da Filato, suka taru a Damaturu zamanin Obasanjo aka kafa asusun raya waɗannan koguna. A 2014 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 495 don shirin gyaran noman rani da ake kira TRIMING, wanda ya haɗa da kogin Kano da kwarin Haɗeja. Bashi ne, 'ya'yanmu ne za su biya. An sayo manyan motocin yasa masu tafiya a kan ruwa, an ɗauki hotuna. Ba mu ce ba a yi komai ba, amma muna da haƙƙin tambaya: kadada nawa aka ƙwato, kuma nawa ne kacalla ta sake mamayewa bayan motar ta wuce? Matuƙar ba a gyara yadda ake sakin ruwa daga Tiga da Challawa ba, ta yadda za a sako shi da ƙarfi a lokacinsa ya wanke hanya, a kuma bar kogin ya sha iska da rani kamar yadda masana ruwa suka daɗe suna ba da shawara, to yasa za ta zama kamar aski, yau a yi gobe gashi ya fito. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

ILIMIN DA YAKE DA ALBARKA

A nan ne wani zai yi zaton za mu ce a watsar da kimiyya a koma gidan jiya. Ko kusa. Hikima kayan mumini ce da ta ɓace masa. Abin da muke faɗa shi ne akwai ilimin da yake lura da sunnar Allah a cikin halittarSa ya bi ta, akwai kuma wanda yake take ta don riba.

A farkon shekarun 1970 wani ƙwaro daga Kudancin Amurka ya shigo Afirka ya tasam ma rogo, abincin miliyoyin mutane. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Hans Herren, da yake aiki a cibiyar IITA ta Ibadan, bai ce a yi wa rabin Afirka wanka da guba ba. Shi da abokan aikinsa suka ce duk abin da Allah Ya halitta Ya halitta masa abin da yake taka masa birki, a je garinsu a nemo. A 1981 aka gano ƙwaron a ƙasar Faraguwai tare da wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro da yake yin ƙwai a cikinsa ya kashe shi. Aka tsare shi aka gwada, aka tabbatar ba zai taɓa wani abu dabam ba, sannan aka sake shi, aka fara da Nijeriya. Rogo ya tsira, manomi bai biya ko kwabo ba. Bambancinsa da masu kwaɗin Ostireliya shi ne shi ya yi bincike kafin ya saki.

Ba sai mun je nesa ba. A Maraɗi, masana na cibiyar binciken gona ta Nijar da na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna kiwon wani ɗan ƙwaro irin wannan wanda yake kashe tsutsar zangarniyar gero. A ɗan ƙaramin buhun algarara ake sa shi tare da ɗan hatsi da abin da zai ci, a rataya a gonakin ƙauye, ya fito ya bazu ya yi aikinsa. A Rosso ta Muritaniya, inda madatsar Diyama da aka gama a 1986 ta haifar musu da irin kacallarmu a kogin Sanagal, a 2011 aka fara koya wa mutanen ƙauye yanke ta, su busar, su ƙona ta a rufe, su matse ta ta zama gawayin girki. Mata sun samu sana'a. A Chadi masu raga suna kama jan-baki da dare a inda yake kwana su kai kasuwar Injamena, abin da muke zuba wa guba su nama ne a wurinsu.

Hatta a nan gida, a ƙarƙashin shi wannan shiri na TRIMING, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da cibiyar NAERLS ta nan Samaru, tare da wata jami'a ta Madrid da Jami'ar Maryland ta Amurka, sun yi bincike a kan mayar da ɗanyar kacalla abincin dabbobi da iskar gas ta girki. Masana sun kuma san cewa kacalla ta ganyenta take shaƙar iska ta aika wa saiwa, saboda haka idan aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa sau biyu ko uku a jere sai ta shaƙe ta mutu, alhali ƙona ta da wuta aski ne kawai. Taurarin ɗan'adam na Landsat suna ɗaukar hoton ƙasa tun 1972, wato tun kafin a gama Tiga, kuma tun 2008 hotunan kyauta ne ga duk mai intanet. Ɗalibi ɗaya a Samaru da kwamfutarsa zai iya jera hoton fadamun Haɗeja shekara bayan shekara, ya nuna wa duniya abin da aka cinye, ya kuma nuna ko motar yasa ta yi aikin da aka biya ta. To ilimin yana nan. Me ya hana shi fita daga ɗakin taro ya isa hannun irin su Baba mai kura?

Da wannan ma'auni za mu auna duk abin da aka kawo mana. A watan Janairun 2024 aka saki irin masarar TELA da cibiyar IAR ta Samaru ta yi aiki a kansa, wanda aka sanya wa ƙwayar halittar da take kashe tsutsa. Masu yabo suna yabo, masu suka suna suka. Mu tambayoyinmu uku ne, ga wannan da waninsa: shin yana kashe mai ɓarna ne kaɗai ko har da wanda bai ji ba bai gani ba? Shin manomi zai tsaya da ƙafarsa, ko kowace shekara sai ya koma ya durƙusa wa mai sayar da iri? Kuma idan abin ya ɓaci, wa zai ɗauki alhaki? Wanda yake da gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

GA ƊAN'UWAN DA YA CE WANNAN BA GWAGWARMAYA BA CE

Na san akwai ɗan'uwan da zai ninke jaridar nan ya ce, "Ana zubar da jinin Musulmi a duniya, shi yana ba mu labarin ciyawa da tsuntsaye. Wannan ai aikin Turawa ne." Ɗan'uwa, da kai nake.

Gaskiya ne Turawa sun riga mu zuwa. Agwagin daji da wasu tsuntsaye dubbai suna ƙetaro Sahara daga Turai kowace shekara su yi hunturu a fadamun nan, shi ya sa tun 1987 ƙungiyoyinsu suka kafa shirin kare wurin, har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo Dagona a 1989. A 2000 aka sa tabkin Nguru da mashigar Marma cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar take karewa, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971. Su sun zo ne don tsuntsayensu. Abin kunyar namu ne, da har sai wani ya taso daga Landan ya tuna mana amanar da ke wuyanmu. Manzon Allah (S) ya keɓe hurumi a Naƙi'u, ya haramta sare itatuwan Madina da farautar dabbobinta, ya umarci sahabban da suka ɗauke 'ya'yan tsuntsuwa su mayar mata, ya hana ƙona gidan tururuwa, ya ba mu labarin matar da kyanwa ta kai ta wuta da wanda shayar da kare ya sa aka gafarta masa. Shi ne kuma ya halatta kashe abin da yake cutarwa. Wato shari'a ta ba mu duka biyun, a kawar da mai cuta, a kiyaye wanda ba ruwansa, ba tare da wuce iyaka ba. Imam Ali (AS) ya gargaɗi mutane cewa za a tambaye su hatta game da filaye da dabbobi. Ita kanta kalmar hurumi da muke amfani da ita a ƙasar Hausa daga fiƙihu ta fito, tun kafin Bature ya san hanyar Kwara.

Kuma kada mu ɗora wa mahukunta komai mu wanke kanmu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa yake zuba Gamalin a rafi ya kashe kifi da ƙwansa don ya cika kwando ɗaya? Wa yake cinna wa daji wuta don gafiya? Ku tambayi iyayenku yadda ungulu take cika mayanka da kasuwannin Zariya a da. Yau yaro zai girma a Sabon Gari bai taɓa ganin ta ba. Tun 2015 aka sa irin ungulun garuruwanmu cikin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa a duniya, kuma babban abin da yake cinye ta a ƙasar nan shi ne bokaye da matsafa masu sayen kanta, da masu neman mulki da dukiya da suke zuwa wurinsu, wal'iyazu billahi. Shirka ce take cin halittar da Allah Ya sa ta share mana mushe kyauta. A Indiya, da wani maganin shanu ya kashe musu fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu a shekarun 1990, karnukan banza ne suka gaje mushen, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Gauraka ma da muke jin ta a tatsuniya ta kusa zama labari a ƙasar nan.

Saboda haka wanda yake kiran a tsayar da adalcin Musulunci a doron ƙasa, amma bai san yadda za a raba ruwan kogi ɗaya tsakanin Kura da Gashuwa ba, ranar da aka miƙa masa amana 'yan kwangilar nan dai zai kira. Raunanan da muke ambata a muzahara suna da suna da gari. Ɗaya daga cikinsu yana tura kura a Muchiya.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Na farko, 'yan'uwa ɗalibai na tsangayar aikin gona da injiniya da kimiyyar halittu a Samaru, da masu zuwa Shika wajen binciken dabbobi, ku daina kwafar aikin kammala karatu na wasu don kawai a sa hannu. Ku zaɓi matsalar mutanenku. Wani ya ƙera lauje mai yanka a ƙarƙashin ruwa wanda maƙerin Sabon Gari zai iya bugawa, wani ya ƙera injin matse gawayi da ganga da ƙarfen bola, wani ya koyi kiwon ƙwarin nan na Maraɗi, wani ya zauna a kan hotunan tauraron ɗan'adam.

Na biyu, wanda Allah Ya ba sani ya fassara shi da Hausa ya kai ƙauye. Manoman bakin Galma da Kubanni su san akwai tarkon da ake yi da faranti da ruwan sabulu da fitila wanda yake kama malam-buɗe-littafin tsutsar tumatir da dare, su san ƙwarin da abokansu ne don kada su kashe su.

Na uku, kowa ya fara da kansa da unguwarsu. Babu Gamalin a rafi, babu wuta a daji, babu harbin shamuwa da belbela don wasa, kuma a fito fili a yi wa masu cinikin ungulu wa'azi.

Na huɗu, mu riƙa tambaya da babbar murya, a rubuce da kuma a majalisu: ina kuɗin asusun Damaturu, ina sakamakon bashin da aka ciwo, kuma yaushe za a zauna da masunta da manoma da makiyaya a tsara sakin ruwan Tiga da Challawa? Duk lokacin da aka sake tayar da maganar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wanda shi ne ya rage yana kawo wa fadamun nan ambaliyarsa ta asali, mu kasance cikin masu cewa a fara tambayar mutanen ƙasa.

Shekaranjiya na sake haɗuwa da Baba mai kura, na ba shi labarin gawayin Rosso. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, in da wanda zai koya mana, ai ko gobe sai in koma." Na rasa amsar da zan ba shi, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata, Ya isar wa raunana a kan waɗanda suka zalunce su, Ya sa mu cikin masu gyara a bayan ƙasa.